Garin da ba a ruwan kirki amma yake cika da ruwa: bayanin lissafin ambaliyar Jidda

Duk shekara in Nuwamba ya kama har zuwa Janairu, mazauna Jidda da Makka sun san abinda ke biyo baya, saƙon hukumar yanayi ya dinga shigowa waya, launin gargaɗin yau rawaya gobe ruwan lemo jibi ja, a ce yara su zauna gida suyi karatu ta Madrasati, manhajar karatu ta intanet, direbobi kuma su fara lissafin wace hanya ce babu nafak, wato gadar ƙarƙashin ƙasa, a cikinta. Wani lokacin a bada gargaɗi ja ruwan ya ɗan yi yayyafi ya wuce mutane suyi ta mita, wani lokacin kuma cikin awa biyu titi ya ɓace ƙarƙashin ruwa. Daga nan sai tambaya guda ta dawo majalisu da guruf guruf na WhatsApp ɗin Hausawan garin: wai garin da ruwan shekararsa gaba ɗaya bai kai na rabin watan Agusta a Kano ba, kuma an zuba biliyoyin riyal a madatsu da magudanai tun bayan 2009, ta yaya har yanzu motoci ke iyo a kan titi?

Amsar tana cikin wani lissafi da injiniyoyin ruwa ke yi kafin su haƙa magudana ko su gina dam, wato lissafin shiga da fitar ruwan birni, da kuma samfurin kwamfuta, wato zanen garin a manhaja, da ake ɗora wannan lissafin a kai. Wanda ya gane yadda yake aiki zai gane me aka gyara a Jidda, me ba a gyara ba, da kuma abinda babu magudanar da zata iya gyara shi.

Menene lissafin ruwan birni

Tushen abin guda ɗaya ne, ruwa baya ɓacewa. Duk ɗigon da ya shigo gari dole ya bi ɗaya daga cikin hanyoyi kaɗan: ko rana ta busar dashi ya koma sama a tururi, ko ƙasa ta shanye shi, ko ya tsaya a wani wuri irin rami, tanki ko bayan dam, ko ya bi bututun ƙazanta ya fita, ko kuma ya gangara a kan doron ƙasa. Wannan na ƙarshen, ruwan da ya rasa mai shanye shi ya kama gudu a titi, shine ake ƙoƙarin ganewa, shine malalen da ke zama ambaliya in ya fi ƙarfin magudana.

A ɓangaren shiga kuma ƙofa uku ce. Akwai ruwan sama da ya sauka a kan garin kansa, akwai ruwan da ke gangarowa daga wajen gari ta kwaruruwa, abinda Larabawa ke cewa sel, sannan akwai ruwan famfo da ake turo wa garin daga nesa. Mutane da yawa suna mantawa da na ukun, kuma a Jidda shine mafi girma nesa ba kusa ba, zamu zo kansa.

Toh sai a jera shiga gefe guda fita gefe guda, abinda ya rage a tsakani shine ruwan da garin ya riƙe a cikinsa. In an yi lissafin na shekara guda Jidda zata fito a gari mai ƙishirwa, dan ruwan saman da take samu bai wuce milimita 50 zuwa 60 a shekara ba alhali zafin ranarta zai iya busar da sama da milimita 2,000. Amma ambaliya ba a shekara take faruwa ba, a cikin minti 30 zuwa awa shida take faruwa, kuma a wannan ɗan lokacin rana ba ta busar da komai. Dan haka lissafi iri ɗaya ne amma sai an yi shi minti biyar biyar kafin ya nuna gaskiya.

Me milimita take nufi a ƙofar gidanka

In aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Rufin gida mai murabba'in mita 200 in aka yi milimita 50 ya karɓi lita 10,000 kenan, kuma rufin siminti baya shan ko ɗigo, indararo ne zai kwararo shi kan titi.

A ɗauki fili mai hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000. Ruwan milimita 50 zai zuba masa lita 500,000. In filin rairayi ne, injiniyoyi kan ɗauka kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai zai gangara, mu ce lita 75,000. In aka gine filin nan da imara, wato benen gidaje, da kwalta da daɓen siminti, kashi 80 zuwa 90 ne zai gangara, wajen lita 425,000. In tankar ruwa ɗaya na ɗaukar lita 20,000, da can tanka huɗu bata cika ba yanzu kuma sama da tanka 20 ce daga fili guda, kuma ruwan saman bai ƙaru da komai ba, ƙasar ce kawai aka rufe.

Sai kuma maganar sauri wadda ta fi yawan ma muhimmanci. Unguwa mai hekta 100 da aka gine tsaf, in milimita 60 ta sauka a hankali cikin awa 24, abinda zai fito a bakin magudanarta wajen lita 600 ne a kowace daƙiƙa, ƙaramin bututu ma ya ishe shi. In wannan milimita 60 ɗin ta sauka cikin awa ɗaya, wajen lita 14,000 ne a daƙiƙa. Kamar mai ɗura mai ne a jarka da mazurari, jarkar na da wuri amma in ka juye bokitin lokaci guda sai ya malale ta gefe. Ruwan Jidda kuwa irin na juyewa ne, hadari ne mai tsawa da ke haɗuwa idan iska mai ɗumi da laima daga Bahar Maliya ta haɗu da sanyin da ke saukowa daga arewa, ya tsaya kan yanki guda ya zubar da kayansa ya tafi.

Ruwan famfo ya fi na sama, kuma ƙasa ta riga ta ƙoshi

Jidda gari ne na kusan mutum miliyan 4 da ke shan ruwan teku da aka tace, mafi yawansa daga Shu'aiba a kudancin garin. Abinda ake turowa ya haura mita kubik miliyan 1 a rana, wato sama da miliyan 365 a shekara. Ko ka ɗauka faɗin garin murabba'in kilomita 1,000 ne, ruwan saman shekara a kansa wajen miliyan 60 ne. Ke nan ruwan da ɗan adam ke kawowa ya ninka wanda gajimare ke kawowa sau da dama.

Ina yake zuwa bayan an yi wanka da wanki? Inda akwai bututun ƙazanta ya tafi matata. Amma shekaru da dama unguwanni masu yawa bayyara suke amfani da ita, wato ramin sokawe, wanda ke tsiyaya cikin ƙasa dare da rana, ga bututun famfo da ke yoyo, ga ban ruwan lambuna. Har 2010 akwai wani tafki a gabashin garin, Buhairatul Misk, inda tankoki ke juye ruwan bayyara, wanda bayan ambaliyar 2009 aka ji tsoron kar shingensa ya ɓalle kan gari sai aka ƙafar dashi. Sakamakon wannan tsiyayar shine ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso sama a wurare da dama, shiyasa zaka ga wasu lunguna da danshi da gishiri fari fat a gindin bango ko a tsakiyar bazara, kuma masu haƙa harsashin gini sukan kwana da injin famfo yana zuƙe ruwa.

Abinda wannan ke nufi a lissafi shine ɗaya daga cikin ƙofofin fita, wato shanyewar ƙasa, a rabi rufe take tun kafin hadari ya haɗu. Samfurin da bai saka ruwan famfo da bayyara a ciki ba zai ɗauka ƙasar a bushe take tana jira, sai ya bada amsar da ta fi gaskiya sauƙi. Wannan ne dalilin da yasa masana suka daina kallon ruwan sama shi kaɗai suka koma lissafin ruwan birni baki ɗaya.

Ambaliya iri biyu ce, ba ɗaya ba

Nan ne ruɗanin ya fi yawa. Jidda a shimfiɗe take a wani siririn fili tsakanin teku a yamma da duwatsun Hijaz a gabas. Tun fil azal ruwan da ya sauka kan duwatsun nan yakan taru a kwaruruwa irin su wadi Gus, wadi Ghulail, wadi Bani Malik da wadi Buraiman ya ratsa filin ya shiga teku. Lokacin da garin yake cikin ganuwa, kafin a rushe ta a 1947, ba wanda ya tare masa hanya. Da garin ya buɗe sai gine gine suka hau kan hanyoyin ruwan nan, wasu da takarda wasu babu, dan kwarin da ya yi shekara goma a bushe ido baya bambanta shi da fili.

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, 8 ga Zulhajji alhazai na hanyar Mina, aka yi ruwa wajen milimita 70 zuwa 90 cikin awa huɗu. Sel ya sauko daga gabas ya afka Guwaiza da unguwannin kilo da jami'ar Sarki Abdul'aziz da titin Haramain, sama da mutum 120 suka rasu, dubban motoci suka lalace. Sarki Abdullah ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan Makka Yarima Khalid Al-Faisal ya kuma bada umarnin riyal miliyan 1 ga iyalan kowane mamaci, daga baya aka gurfanar da jami'ai da 'yan kasuwa a kotu. Ranar 26 ga Janairu 2011, ita ma Laraba, aka sake yin milimita 111 cikin kamar awa uku, dam ɗin Ummul Khair ya karye, mutum 10 suka rasu.

Bayan wannan ne aka yi manyan ayyuka, aka gina madatsu a bakin kwaruruwan gabas aka faɗaɗa manyan magudanan arewa da kudu da gabas da ke ɗaukar ruwan zuwa teku. Duk waɗannan an yi su ne saboda ruwan da ke zuwa daga waje.

Sai ranar Alhamis 24 ga Nuwamba 2022, kwana biyu bayan Saudiyya ta ci Ajantina a kofin duniya, aka auna milimita 179 a kudancin Jidda tsakanin 8 na safe da 2 na rana, wanda ya zarce na 2009 da 2011 duka. An rufe hanyar Makka na wasu awanni, jirage sun yi jinkiri, motoci sun hau kan juna a lunguna, mutum 2 suka rasu. Milimita 179 a kan murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan 179 ce, kuma kaso mai yawa na wannan ruwan a kan rufi da kwaltar garin ya sauka, a ƙasan madatsun. Dam baya tare ruwan da ya faɗo a ƙasansa. Abinda ke kwashe irin wannan shine ƙananan bututu da ramukan bakin titi na cikin unguwa, kuma nan ne aikin bai kai ko'ina ba, shine Amanar Jidda, wato hukumar birnin, ke ta haƙa a unguwa unguwa a 'yan shekarun nan.

Dan haka mai cewa ayyukan sun yi amfani yana da hujja, ruwa ya ninka amma rayukan da aka rasa sun ragu daga sama da 120 zuwa 2, duk da dai gargaɗin da aka bayar da rufe makarantu tun da dare suma suna da kaso. Mai cewa har yanzu ana nutsewa shima yana da hujja. Kowa wata ambaliya daban yake magana a kai.

Yadda ake gina garin a cikin kwamfuta

Samfuri a nan na nufin a zana garin a manhaja yadda za a iya zuba masa ruwan ƙarya a ga inda zai bi. Da farko ana buƙatar taswirar tudu da gangare, wadda ake samu daga tauraron ɗan adam ko jirgin da ke auna ƙasa da hasken leza. Daga ita ake yanka garin gida gida na ruwa, kowane yanki da bakin da ruwansa ke fita. Sai a duba hoton sama a ƙirga kashi nawa rufi ne da kwalta kashi nawa ƙasa ce a buɗe, a saka irin ƙasar, a saka kowane bututu da faɗinsa da gangarensa, kowane kwalbati, kowane dam, har tsayin teku a bakin mafita dan Bahar Maliya kan ɗan ɗaga a lokacin sanyi, daidai lokacin ruwan.

Dabarar ba sabuwa bace. Hanyar nan ta ninka faɗin fili da ƙarfin ruwa da kason da ke gangara, wadda muka yi amfani da ita a sama, wani injiniya ɗan Ailan mai suna Mulvaney ne ya fito da ita tun 1851 kuma har yau ana aiki da ita a ƙananan wurare. Manhajar SWMM ta hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito a 1971, kyauta ce, ita ce ke bin ruwa bututu bututu. HEC-HMS da HEC-RAS na injiniyoyin sojan Amurka sune aka fi ɗauka dan kwaruruwa da kuma zana inda ruwa zai kwanta da zurfinsa.

Abinda manhajar ke fitarwa ba lamba ɗaya bace, zane ne na yadda ruwan ke hawa da sauka da lokaci a kowane wuri. Tana iya nuna cewa a minti na 40 bututun wani titi ya cika, daga nan ruwa ya daina shiga ya fara fitowa. Duk wanda ya taɓa ganin murfin ramin titi, ƙarfe mai nauyin da sai mutum biyu ke ɗagawa, yana rawa yana tsalle ruwa na feshi ta gefensa har ya ture shi, ya ga wannan lokacin da idonsa. Ruwan da ke fitowa ɗin ba na wannan titin bane, na unguwar sama ne da ya biyo ta ƙarƙashi ya rasa wuri.

Kafin a yarda da samfuri sai an gwada shi da ruwan da aka riga aka yi, a zuba masa na 2009 ko 2022 a ga ko zai nuna zurfin da aka gani a bango da hotuna. In bai yi daidai ba a gyara lambobin a sake.

Maganar ruwan shekara 100

Ana yawan jin an ce an gina dam kaza dan ruwan shekara 100 ko bututu dan ruwan shekara 10, sai mutum ya ɗauka tunda an yi babba a 2022 an huta kenan sai jikoki. Ba haka lissafin yake ba. Ruwan shekara 100 na nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin ɗari a yi shi, kuma shekarar bana bata san abinda aka yi bara ba. Wanda ya zauna gida ɗaya shekara 30 yana da yiwuwar kusan kashi 26 ya gamu dashi. Na shekara 10 kuwa kashi 10 ne duk shekara.

A ko'ina a duniya ba a gina bututun cikin unguwa dan ruwa mafi girma, akan tsaya a na shekara 5 zuwa 10 ko 25, abinda ya haura haka an san a kan titi zai bi. Tambayar da samfuri ke amsawa ita ce wane titi, zurfin nawa, kuma ƙofar wa zai shiga.

Inda masana da jama'a suka saɓa

Ɓangare na farko na cewa a ƙara girman bututu da ramuka na ƙarƙashin ƙasa kawai, ƙasar na da kuɗi kuma rai ya fi kuɗi. Suna nuna Dubai da bayan ruwan 16 ga Afrilu 2024 ta amince da aikin magudanai na dirhami biliyan 30. Masu ja da su na cewa bututun da zai ɗauki milimita 179 a kowace unguwa kuɗinsa ba iyaka, zai yi shekara yana zaune a bushe yana tara yashi, kuma haƙa shi a garin da aka riga aka gine na nufin shekaru ana rufe tituna.

Ɓangare na biyu na cewa a rage ruwan tun daga tushe, a bar filaye da lambuna su zama wurin kwanciyar ruwa na ɗan lokaci, a yi daɓe mai shan ruwa, kowace imara ta riƙe ruwan rufinta a tanki ta sake shi a hankali. Wannan ita ce hanyar da Sin ta ɗauka tun wajen 2015 da sunan birni soso. Tana aiki sosai ga ƙanana da matsakaitan ruwa, amma birnin Zhengzhou da ya kashe kuɗi mai yawa a kanta ya nutse a Yulin 2021 da aka yi masa sama da milimita 200 cikin awa ɗaya. A Jidda kuma akwai ƙarin cikas, inda ruwan ƙasa ya riga ya taso tura masa ƙari na iya lalata harsashin gini. Ɓangaren tanki da filin riƙe ruwa yafi dacewa da garin fiye da ɓangaren shanyarwa, sai dai a unguwannin da ruwan ƙasa ke nesa.

Sai gardamar sauyin yanayi ne ko laifin tsarin gari. Kimiyya ta tabbatar iska na ƙara ɗaukar laima da kusan kashi 7 cikin ɗari a duk digiri ɗaya na ƙarin zafi, dan haka hadari mai nauyi zai ƙara nauyi. Amma yankin ya san sel tun kafin mota da masana'anta, ambaliyar 1630 ce ta rushe sashen bangon Ka'aba har aka sake gina ta zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na huɗu, kuma a 1941 ruwa ya cika Harami har an yi ɗawafi da iyo. Amfanin samfuri a wannan gardamar shine yana iya raba su, a zuba ruwa iri ɗaya kan taswirar garin ta da da ta yanzu a ga kason gini, sannan a bar taswirar a ƙara ruwan a ga kason yanayi. A garin da ya faɗaɗa da sauri irin Jidda kason gini ba ƙarami bane.

Madatsun ma ba a rasa magana a kansu ba. Suna rage sel na yau da kullum, amma suna sa mutane su saki jiki su gina a ƙasansu, kuma suna buƙatar a dinga kwashe laka ana duba su, abinda ya faru a Darna ta Libiya a 2023 da dam ɗin Alau na Maiduguri a 2024 ya nuna me ke biyo baya in dam ya gaza.

Abinda samfurin baya gani

Kwamfuta abinda aka bata take juyawa. Hadarin Jidda na iya zubar da milimita 100 a kudu arewa kuma ko ƙasa bata jiƙe ba, in ma'aunan ruwa basu da yawa ana iya rasa tsakiyar hadarin gaba ɗaya, shiyasa ake haɗawa da rada, na'urar hango hadari. Wannan ne ma dalilin da gargaɗi ja ke rufe garin duka amma ruwan ya sauka a ɓangare guda, hasashe na iya cewa yau akwai hadari mai haɗari amma ba zai iya nuna unguwar da zai tsaya a kanta tun daren jiya ba. Sannan bayanan da aka tara na 'yan shekaru gommai ne, kuma a garin da ake yin babban ruwa jefi jefi, ƙiyasta na shekara 100 daga irin wannan tarihin yana da rauni, ruwa guda irin na 2022 ya isa ya canza lambobin.

Samfuri kuma yana ɗauka kowane bututu a buɗe yake fes. A zahiri ramin bakin titin da ya yi wata tara ba ruwa, zaka same shi da yashi da leda da robar ruwa da kwalin shayi, ruwan farko na kwaso sharar titi ya liƙe ƙarfen bakinsa cikin minti kaɗan. Bututun na ƙasa da wuri amma ruwan baya samun shiga. Nafak kuma rami ne da injin famfo kaɗai ke fitar da ruwansa, in wuta ta ɗauke ko ruwan ya fi ƙarfin injin sai ya cika.

Garin ma baya tsayawa a zana shi. Rusau da aka fara a ƙarshen 2021 ya shafe unguwanni da dama irin su Ghulail, Karantina, Sabil, Hindawiyya da Kandara inda Hausawa suka daɗe, wannan ya canza inda ƙasa ke buɗe da inda take rufe, ya kuma tura dubban iyalai wasu unguwanni da garuruwa. Abinda za a gina a wuraren nan zai sake canza lissafin, kuma wannan na daga 'yan lokutan da ake samun damar shimfiɗa magudana kafin gini ba bayansa ba.

Yadda ya shafi mai haya da direba da ɗan umara

Wanda ya fi jin jiki shine mai neman haya mai sauƙi, dan ɗakin ƙasa da badrum, wato ɗakin ƙarƙashin gini, da gidan da ke gangare sune masu araha. Kafin a biya kuɗin shekara yana da kyau a duba gindin bango ko akwai layin laka ko sabon fenti da ya tsaya a gwiwa, a duba ko ƙofar ta fi titi tudu, a tambayi mai gadin gidan da mai shagon unguwa me ya faru a 2022. In ka ga buhunan yashi a jibge bakin gangaren gareji, wani abu suka gani.

Ga direbobi, ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuma har manya, kuma daga bakin nafak ba a gane zurfin tsakiyarsa. Ƙetare kwari yana gudu laifin hanya ne mai tarar riyal 5,000 zuwa 10,000. Inshorar da ta tsaya kan wanda ka buga ba ta biyan motarka in ruwa ya ci ta, sai mai shamil, wato cikakkiyar inshora, shima ya karanta takardarsa ya ga me aka rubuta kan ambaliya. Ga mai aikin yini kuma ranar gargaɗi ja rana ce ta rashin kuɗin cefane ko an yi ruwa ko ba a yi ba, wannan kuɗi ne na gaske da hukuma ke aunawa da haɗarin barin mutane a titi.

Bayan ruwan ya janye akwai sauran aiki. Kududdufi da ruwan da ya taru a tayoyi da bokitai kan rufi ne ke haifar da sauron zazzaɓin dengi, wanda Jidda ke fama dashi tun 1994, kuma inda ruwan sama ya haɗu da bayyara ba ruwan da za a bar yara su shiga bane. Wayoyin wuta da akwatunan mita da ke ƙasa ƙasa suma suna cikin abinda ke kashe mutane.

Makka lissafinta ya ɗan bambanta, Harami a cikin kwarin Ibrahim yake duwatsu kewaye, ruwan na saukowa cikin mintuna, shiyasa aka haƙa manyan ramukan magudana a ƙarƙashinsa. Ɗan umara da ke masauki a gangaren Misfala ko 'yan uwa da ke wajen Shara Mansur, in aka ce ja gara a jira a ɗaki har ya wuce. Ramin titi da ya toshe ko murfin da ya ɗage ana kai rahotonsa Amana ta 940, kuma tun kafin hadari ya fi amfani, in kuwa rai ne ke cikin haɗari 911 ake kira a duk yankin Makka.